Matar Ɗana Ba Ta Rabuwa Da Kwamfuta

Makon nan wata takarda ta zo mini wadda ba ta son jira. Wata dattijuwa ce ta aiko ta, ta roƙe ni kada in faɗi sunanta ko garinsu, na kuwa yarda. Ga abin da ta ce a taƙaice.

Ɗanta ya yi aure wata bakwai ke nan, yana zaune da amaryarsa a birni. Da ta je duba su sai ta tarar yarinyar nan tun hantsi har dare ya raba tana zaune gaban kwamfuta, kunnuwanta a toshe, wani lokaci tana Turanci da mutanen da ba a gani. Ba ta zuwa ofis, ba ta da kanti, amma ga kuɗi suna shigowa duk ƙarshen wata. Tuwon dare ya kan makara. Maƙwabta sun fara tsegumi, wasu na cewa wasa ta ke yi, wasu na cewa ko damfara ce. Ita yarinyar ta ce sana'arta rubuta manhaja. Dattijuwa ta ce hankalinta ya ƙi kwanciya, har tana tunanin ta sa ɗan ya hana ta, in ta ƙi hanuwa ya sallame ta. Ta ce in ba ta shawara tun ba ta buɗe baki ba.

Uwargida, kin kyauta da kika tambaya tukuna, gama magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Ni ma ban so in amsa miki da ka ba. Ina da 'yar ƙanena a Kaduna mai irin wannan sana'a, da mijinta da ɗanta guda, sai na ɗauki jakata na je na kwana biyu wurinta, don gani ya kori ji.

Da muka gama gaisawa na ce mata, "Ke 'yar nan, gaya mini abin da ki ke yi, amma da Hausa, kada ki kawo mini Turancinku." Ta yi dariya ta ce, "Gwaggo, ɗauki kwamfuta kamar 'yar aiki ce mai tsananin sauri, wadda ba ta gajiya, ba ta mantuwa, amma ba ta da wayo ko kaɗan. In kika ce mata ta tuƙa tuwo sai ta tsaya tana kallonki. Tilas ki ce ɗauki tukunya, zuba ruwa moɗa kaza, ɗora bisa wuta, jira ya tafasa, in bai tafasa ba ƙara jira, in ya tafasa yi talge. In kika manta ba ki ce ta sauke ba, za ta bar shi ya ƙone ƙurmus, ba kuwa za ta ga laifinta ba."

To, tsara waɗannan umarni ɗaya bayan ɗaya, da irin harshen da na'ura ke ganewa, shi ne rubuta manhaja. Harsunan suna da yawa, akwai Python, akwai Java, da wasunsu. Duk ranar da kika aika wa ɗiyarki kuɗi ta waya, ko kika sayi katin kira ba ki fita ƙofar gida ba, ko 'yarki ta duba sakamakon jarrabawarta, wani ne ko wata ta zauna ta rubuta umarnin da ya sa abin ya yiwu. Aiki ne sosai kamar ɗinki da saƙa, sai dai ba a iya rataya shi a igiya maƙwabta su gani. Nan ne zargi ya ke samun ƙofa.

Sa'an nan na tambaye ta zancen zaman dare, tun da shi ya fi damunki. Ta ce kamfanin da ta ke yi wa aiki yana gabashin Amurka, agogonsu kuwa yana bayan namu da sa'a biyar, in hunturunsu ya shiga ya zama shida. Watau sa'ad da su ke buɗe ofis ƙarfe tara na safe, mu nan ƙarfe biyu ko uku na rana ya yi. Sa'ad da su ke tashi ƙarfe biyar, mu nan goma ko sha ɗaya na dare. Don haka ta kan gama shara da wanke-wanke da cefane tun da safe, ta zauna aiki da hantsi, bayan azahar su yi taro ta kwamfuta kowa ya faɗi inda ya kwana. Turancin da kika ji matar ɗanki tana yi da waɗanda ba a gani, mai yiwuwa irin wannan taro ne.

Rana ta farko ta wuce lafiya, har na fara cewa a raina ai wannan aiki hutu ne. Kashegari, ran 13 ga wata, na ga abin da ya rufe mini baki.

Ana la'asar sai saƙo ya shigo, wai manhajarsu ta tsaya cik. Aikin manhajar shi ne aika wa iyayen yara saƙo daga makarantu, ranar jarrabawa kaza, ranar taron iyaye kaza. Ga makarantu suna jira, ga shugabanta yana tambaya. Na ga yarinyar nan ta ɗaure fuska, ta ture kwanon abincinta gefe, ta shiga bin rubutu layi layi, kamar mai neman allurar da ta faɗa cikin buhun gero. Ba ta yi nisa ba aka ɗauke wuta. Ta koma kan batir. Can magariba hadari ya taso, sabis ɗin wayar da ta ke jawo intanet da ita ya ɓace, ta cire ta sa wani layi. Layuka uku ta ke ajiye da su na kamfani daban daban, don in wannan ya ƙi wancan ya yi. Bayan lisha batir ya fara kuka, mijinta ya fita da tocila ya tada janareto. Ni dai na goya yaron, na zauna ina kallon ikon Allah.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na ji ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Gwaggo, zo ki ga abin da ya hana ni cin tuwo." Ashe mutanen Amurka in za su rubuta kwanan wata, wata su ke fara sawa sa'an nan rana. Mu da Ingila kuwa rana mu ke farawa da ita. Kamfanin ya karɓi wata sabuwar makaranta daga Ingila, ita kuwa ta rubuta nata irin na gida. Da na'ura ta ga 13 a wurin da ta saba ganin wata, ta duba ba ta san wani wata na goma sha uku ba, sai ta tsaya. Gyaran bai wuce layi biyu ba, amma nemansa ya ci sa'a bakwai.

Na ce, "Kai, wannan tsayawa ta cuce ki." Ta ce, "A'a Gwaggo, ta taimake ni. Duk kwanakin da ba su wuce 12 ba na'ura ta karɓe su shiru, ta juya su baibai. Inda aka rubuta 4 ga watan shida ta ɗauka 6 ga watan huɗu ne. Da ba ta tsaya ba da an yi ta aika wa iyaye ranakun da ba su ba, ba wanda ya sani. Ɓarnar da ta yi kuka ba ita mu ke tsoro ba, mai shiru ita ce mugunya." Na riƙe wannan magana, gama ko a zaman gida haka ta ke.

Irin wannan kuskure ƙwaro su ke kiransa. Sunan ya daɗe a bakin masu aikin injuna, amma akwai labarin da ya ƙara masa suna. A shekarar 1947, a Jami'ar Harvard ta Amurka, masu aiki da wata babbar na'urar lissafi sun tarar da ƙwaron dare na gaske, irin mai zagaya fitila, ya maƙale a cikinta. Suka cire shi suka manna a littafin aikinsu. Cikin masu aiki da na'urar akwai wata mace, Grace Hopper, wadda ta yi ta ba da labarin har ya bazu.

Kada ki ga kamar ƙaramin abu ne. Ran 19 ga Yuli 2024 wani kamfani mai suna CrowdStrike ya aika wa abokan cinikinsa gyaran manhaja mai kuskure a ciki. Kwamfuta wajen miliyan 8 da rabi suka tsaya a duniya, jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka rikice. Saboda haka in kika ga mai wannan aiki ta toshe kunne ta ce a dakata mata, ba raini ba ne. Abin da ta ke riƙe da shi a ka kamar ƙirgar zare ne wurin saƙa, in aka katse ta sai ta koma farko.

Da safe muna shan koko ta lissafa mini sauran wahalarsu. Babbarsu wuta. Ta tuna mini watan Oktoba na 2024, sa'ad da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da yawa suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Ta ce a kwanakin nan kwamfutarta ta kan naɗe cikin zane ta kai wurin masu cajin waya, ta zauna tana gadi. Bayan haka ne ta tara kuɗi ta sa sola. Janareto kuwa ba ya shan ruwa. Kafin a janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, amma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Data ma ta hau, gama a watan Janairu na 2025 hukuma ta yarda wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Ke nan albashin da maƙwabta ke ƙirga mata, kafin ya shiga tukunya wuta da data sun yagi rabonsu.

Akwai kuma abin da ba dabarar da za ta yi masa. Intanet ɗin nan da mu ke tsammani iska ce ke kawo shi, yawancinsa ta wayoyi ya ke zuwa, waɗanda aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Ran 14 ga Maris 2024 huɗu daga cikinsu suka lalace a tekun da ke wajen ƙasar Kwaddibuwa, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka rasa intanet ko ya yi musu rauni, har aika kuɗi ta waya ya gagari mutane da yawa. Ta ce ran nan haƙuri kawai ta bai wa shugabanta.

Ta kuma nuna mini tabo a jikin tsohuwar kwamfutarta, inda ɗanta ya taɓa juye mata kunu. Na'ura ta mutu, amma aikin wata uku bai ɓata ba, don kullum kafin ta tashi ta kan aika kwafinsa wata ma'ajiya ta intanet da su ke kira GitHub. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu ma mu ɗauki darasi. Lambobin 'yan'uwa, da lissafin adashi, da hotunan takardun gida, kada mu bar su cikin waya kaɗai. A sami littafi a rubuta, a ajiye cikin akwati.

Ta ƙare da ƙarar dangi, ni ma kuwa ina ciki. Kowa wayarsa ta fashe sai ya kawo mata, kowa rediyonsa ya ƙi magana sai ya aiko. Ta ce kamar a kai wa magini gyaran agogo ne don an ga duka biyu da hannu su ke aiki. Sa'an nan tun da tana gida, kowa ya ɗauka ba ta da abin yi. Wannan ta aiko yaro a riƙe mata, waccan ta shigo hira, in ta ce tana aiki a ce girman kai.

To uwargida, yanzu mu koma kan tsoronki na damfara. Ban ce tsoron banza ne ba, gama akwai masu zama gaban kwamfuta suna cutar bayin Allah, kowa kuwa ya san haka. Amma rarrabewa ba ta da wuya. Mai aikin gaskiya tana iya faɗin sunan kamfanin da ta ke yi wa aiki, tana da takardar yarjejeniya, albashinta yana shiga asusun da ke ɗauke da sunanta, a lokacin da aka sani. Ba ta aron asusun bankin kowa, ba ta tambayar lambar sirrin kowa, ba ta rufe kwamfuta da sauri in an shigo. In kika ce ta nuna miki abin da ta ke yi za ta nuna da murna, ko da ba za ki gane rubutun ba. Ki kira ɗanki gefe ki tambaye shi waɗannan abubuwa, shi ya fi kowa sani. In amsoshin sun fito sarai, ki toshe kunnenki daga maƙwabta. Ba su za su zauna da jikokinki ba in auren ya mutu.

Saura zancen tuwo. Wannan ba ya bukatar saki, tsari ya ke bukata. Ki zaunar da su biyu ku yi magana. A gama girkin dare tun da rana a zuba cikin kula, ko a ɗauki mai taya aiki daga cikin albashin nan. Ɗanki ma hannunsa ba zai karye ba in ya ɗumama miya ranar da aiki ya rincaɓe. Mijin 'yar ƙanena shi ya tada janareto, shi ya kawo mata shayi, ban kuwa ga rawaninsa ya faɗi ba.

Ke kuma amarya, in wannan takarda ta iske ki, ki saurara. Aikinki ba ya ɗauke miki gaisuwa. In uwar mijinki ta shigo, cire abin kunnen nan ki tashi ki gaishe ta, ki kawo ruwa, sa'an nan ki ce, "Mama, ina da taro zuwa ƙarfe kaza, in na gama zan zo mu zauna." Wanda aka gaya wa lokaci ba ya jin an wulakanta shi. Ki sanar da gida sa'o'in aikinki, in sun cika ki rufe na'ura, kada ki kai ta shimfiɗa. Ki ware rana guda a mako wadda ba ki taɓa ta. Ki kuma ji tausayin jikinki. Ki riƙa ɗaga ido daga gilashin kina duban nesa, ki tashi ki miƙe ƙafa, ki sami kujera mai jingina, don ciwon baya da na ido su ne ladan wannan sana'a in ba a kula ba.

Ku kuma 'yan makaranta, na san wasunku sun fara cewa su ma wannan za su yi. Madalla. Kada kowa ya ce muku aikin maza ne. Tun 1843 wata Baturiyar Ingila, Ada Lovelace, ta rubuta tsarin umarni domin wata na'urar lissafi da Charles Babbage ya zana, tun ba a ƙera kwamfuta ba, har ta kwatanta aikin na'urar da na injin saƙa. Sa'ad da aka gina babbar kwamfutar ENIAC a Amurka wajen 1945, mata shida ne suka fara tsara mata aiki. Manhajar da ke cikin kumbon da ya sauke mutane a kan wata a 1969, wata mace mai suna Margaret Hamilton tana cikin shugabannin da suka jagoranci rubuta ta. Nan gida ma, a 2023 Gwamnatin Tarayya ta buɗe wani shiri mai suna 3MTT da nufin koya wa matasa miliyan 3 irin waɗannan sana'o'i.

Amma fa ku ji gaskiya. Na tambayi 'yar ƙanena abin da yarinya za ta fara riƙewa, ta ce lissafi, da Turanci, da haƙuri, haƙurin kuwa shi ne babba. Wadda in lissafi ya ƙi fita sau biyu sai ta jefar da alƙalami, ba za ta iya sa'a bakwai tana neman layi biyu ba. Ta kuma ce tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, na'urori irinsa sun iya rubuta manhaja da kansu, ita ma tana amfani da su. Sai dai su kan yi kuskure, su kuma faɗe shi da ƙarfin hali kamar gaskiya. Wadda ta haddace kawai ba ta gane ba, na'ura za ta iya abin da ta iya. Wadda ta gane dalili ita za a nema ta duba aikin na'urar. Don haka ku koyi abu har gindinsa. Ku kuma yi hankali da masu cewa ku biya kuɗi su mai da ku gwanaye cikin mako biyu. Ko ɗinkin hula ba a koyonsa haka.

Uwargida mai takarda, shawarata ta ƙarshe ita ce ki yi abin da na yi. Ki koma gidan ɗanki ki kwana biyu, ba don bincike ba. Ki jawo tabarma kusa da yarinyar nan ki ce ta nuna miki aikinta, da Hausa. In wuta ta ɗauke ki ga yadda ta ke yi. Bayan haka ki yanke abin da za ki yanke, sa'an nan ki sake rubuto mini in ji yadda kuka ƙare.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.